Musun Gudun Haske a Gidan Wielinga

Tun a cikin jirgin fito Froukje Wielinga ta fara jin ƙanshin rigima. Shekara ashirin ke nan tana hawa wannan jirgin duk ƙarshen Disamba, daga gaɓar Friesland zuwa tsibirinsu, kuma ba wanda ya taɓa ce mata komai ban da sannu da zuwa. Amma yau mai duba tikiti ya dube ta, ya dubi tikitin, ya ce, "Af, Farfesa ce da kanta. Ki yi mana haƙuri fa, jirgin namu bai kai haske gudu ba."

Ta san tushen maganar. Mako uku da suka wuce aka gayyace ta gidan rediyo, kasancewarta malamar fiziks a jami'a, mai gabatar da shirin ya tambaye ta ko wata rana ɗan Adam zai ƙera jirgin da zai wuce haske gudu. Ta ce a'a. Ta bayyana cewa haske na cin kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa ɗaya, kuma duk abin da ka tura, iya kusantarsa da wannan gudun iya ƙarfin da zai ƙara nema daga gare ka, ko da man duniya duka za ka ƙone ba za ka kai shi ba. Magana ce da ta faɗa wa ɗalibai sau ɗari. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, a tsibirin da mutanensa ba su cika dubu ɗaya ba, kowa ya kunna rediyo ranar don ya ji 'yar Siebren.

Siebren, mahaifinta, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da fitilar hasumiyar tsibirin, wadda ke nuna wa jirage hanya, har ranar da aka ɗora wa kwamfuta aikin aka ce ya sauko ya huta. Tun da matarsa ta rasu, ƙanwarsa Antsje ta dawo gidan da zama. Ita kuma rayuwarta duka a kan keke ta yi ta, tana raba wasiƙu gida-gida, har yanzu kuma in ta yi magana sai ka ɗauka iska take ƙoƙarin dannewa.

Ranar talatin ga wata Siebren ke cika saba'in da biyar. Froukje ta tarar an jera kujeru a zagaye a falo, baƙi goma sha huɗu sun zauna gwiwa da gwiwa, kowa da kofinsa na kofi da yankan kek ɗaya. Sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba su hannu, suna yi mata barka da mahaifinta, tana yi musu barka da maƙwabcinsu, kamar yadda al'adar ƙasar take, kafin ta samu wurin zama kusa da murhu. Ko hular sanyi ba ta cire ba. Froukje mace ce da ko a watan Agusta, tsakiyar lokacin zafinsu, da safa take kwana.

Ba ta kai rabin kofinta ba mahaifinta ya buga cokali a jikin nasa.

"Jama'a," in ji shi, "ga 'yata nan. Ta shiga rediyo ta gaya wa ƙasa baki ɗaya cewa babu abin da ke wuce haske gudu. Haka ne, Farfesa?"

"Haka ne, Baba. Barka da cika shekara."

"Na gode. To ni kuma na ce akwai. Kuma ba a littafi na gani ba. Shekara talatin da ɗaya ina yin sa, hukuma na biyana."

Baƙi suka zuba ido, irin na mutanen da aka riga aka gaya musu su zo akwai kallo. Douwe, tsohon matuƙin jirgin fito kuma abokin Siebren tun suna yara, har ya ajiye kek ɗinsa a gwiwa ya gyara zama.

Froukje ta yi murmushi. A ofishinta akwai aljihun tebur guda cike da wasiƙun tsofaffin injiniyoyi da suka ce sun gano an yi kuskure a lissafin haske. Ba ta taɓa zaton na gaba zai fito daga gidansu ba.

"Baba, bari mu ci kek."

"Tsoro take ji," in ji Douwe.

"Tsoron me, Kawu Douwe?"

"To ki sa wani abu mana," in ji Siebren. "Jibi ɗaya ga wata. Wanda ya faɗi, shi zai shiga wankan sabuwar shekara. Har wuya, ba irin tsoma ƙafar da baƙi ke yi a ɗauke su hoto ba."

Duk ɗaya ga Janairu da tsakar rana mutanen tsibirin ke tsayawa a bakin teku da hulunan ulu, a busa usur, su ruga cikin ruwan da ko kifi ke nadamar zama a cikinsa. Froukje ba ta taɓa shiga ba, kuma ba ta da niyya. Amma a wannan batun, ko duniya ce ta taru ba ta jin za a kayar da ita.

"Na yarda," in ji ta. Suka tafa, baƙi suka shaida.

Siebren ya zaro tsohuwar ambulan daga aljihun rigarsa, bayanta cike da lambobi da fensir. Ya sa tabarau.

"Fitilata zagaye ɗaya take yi cikin daƙiƙa huɗu. Douwe?"

"Ko daga barci aka tashe ni na san haka."

"Madalla. Idan hasken ya share bangon coci, mita ɗari biyu daga hasumiya, ɗigon nan da kuke gani yana wucewa a bangon gudun mita ɗari uku da 'yan kai yake yi a daƙiƙa. Idan ya share gaɓar can ƙetare, kilomita ashirin, gudunsa kilomita talatin da ɗaya ne. Kun gani? Nisa na ƙaruwa, gudu na ƙaruwa, fitila kuwa ba ta ƙara sauri ba. To, ranar da wata ya ɓullo daga cikin teku daidai saitin fitila, ɗigon nan a fuskar wata yake sauka. Nisan wata nawa ne, Farfesa?"

"Kilomita dubu ɗari uku da tamanin da huɗu," ta ce a hankali, don ta riga ta ga inda ya dosa.

"Ɗigona yana share fuskar wata da gudun kilomita dubu ɗari shida a daƙiƙa." Ya cire tabarau. "Ninki biyu na haskenki. Da man gyara da tsumma na yi shi."

Falon ya ɗauki tafi. Douwe ya buga gwiwa har kek ya faɗo. Froukje ta buɗe baki za ta ce wannan ai wasan da suke ba ɗaliban shekarar farko ne, sai ta ji an damƙe ta a dantse.

"Zo ki taya ni da fanke," in ji Antsje. "Yanzu."

A kicin mai na tafasa a tukunya, fanken sabuwar shekara mai busasshen inabi ya cika faranti biyu. Antsje ta rufe ƙofa, ta rage murya gwargwadon iyawarta.

"Ke, lissafin nan nasa daidai ne?"

"Lissafin daidai ne, Gwaggo, amma ma'anar ce ba daidai ba. Minti biyu ya ishe ni in..."

"To ba za ki yi ba. Za ki koma ki ce ya yi gaskiya."

"Ni? A gaban mutane?"

"A watan Oktoba ya faɗi a bakin shagon burodi. Jirgin sama ne ya kai shi asibiti a ƙetare. Yanzu haka akwai ɗan batir a ƙirjinsa da ke riƙe masa bugun zuciya. Likita ya ce ko wanka da ruwan sanyi kada ya yi, balle teku."

Froukje ta tsaya riƙe da gwangwanin garin sukari. "Oktoba? Kuma ba wanda ya kira ni?"

"Ya rantsar da ni. Wannan ku yi rigimarsa daga baya. Kin dai san ubanki. In ya faɗi a musun nan, ko a kan gadon ɗaukar marasa lafiya sai an kai shi ruwan. Ki je ki faɗi."

Ta ɗauki faranti ta koma falo da niyya mai kyau. Ta ma tsara kalaman a ranta: Baba, ka kama ni. Kalma huɗu ne kawai.

"Ga ta nan," in ji Douwe. "Ta je kicin neman amsa a cikin tukunya. Siebren, shekara nawa yarinyar nan ta yi a makaranta?"

"Har yanzu tana can."

"Ka ji asara. Da ka bar ta a hasumiya tana goge gilashi, da yanzu ta san fiziks."

Aka yi dariya. Froukje ma ta yi, ta haɗiye fushinta. Sai mahaifinta ya ɗaga ambulan sama, ya ce da murya mai taushi, wadda ta fi ta Douwe ciwo, "Kada ki damu, 'yata. Ki kai musu wannan jami'a su gyara littattafansu. Ba sai sun sa sunana ba."

Daga baya ta sha tambayar kanta yadda aka yi. Abin da ta sani kawai, ta ga hannuwanta biyu kowanne riƙe da fanke.

"Kawu Douwe, tashi ka tsaya bakin taga. Inna Tjitske, don Allah ki tsaya bakin ƙofa."

Tjitske, maƙwabciyarsu da mijinta ya daɗe da rasuwa, ta tashi tana gyara siket. Daga ƙofar kicin Antsje na yi wa Froukje wani irin kallo, amma aikin koyarwa ya riga ya hau kanta.

"Ni ce fitila. Ku caɓe." Ta jefa wa Douwe ɗaya, kafin ya sauka ta jefa wa Tjitske ɗayan. Garin sukari ya yi fari-fat a gaban rigar Douwe. "Tsakanin saukar wancan da saukar wannan, ƙiftawar ido ce. Tsakanin taga da ƙofa, mita biyar. To ku gaya mini, wane fanken ne ya tashi daga wurin Kawu Douwe ya je wurin Inna Tjitske?"

Aka dubi juna.

"Babu," in ji Tjitske. "Nawa daga hannunki ya zo."

"Shi ke nan. Hasken da ya sauka a wannan gefen wata daga hasumiya ya taso. Wanda ya sauka a wancan gefen, shi ma daga hasumiya ya taso, wani ne daban, kuma kowannensu da gudun haske ya yi tafiyarsa, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Ba abin da ya tsallaka fuskar wata. Idonmu ne ke haɗa saukar da saukar ya kira su abu ɗaya. Kawu Douwe, a ce kana so ka aika wa Inna Tjitske saƙo ta wannan hanyar..."

"Shekara arba'in ina so," in ji Douwe.

"Rufe mana baki, tsohon kwale-kwale," in ji Tjitske, ta jefe shi da fanken nata. Ya same shi a kunne.

"Yauwa!" in ji Froukje. "Wannan shi ne ya yi tafiya daga ƙofa zuwa taga. Kuma kun ga bai kai haske gudu ba."

Wannan karon tafin ya fi na ɗazu. Siebren ya juya wajen ƙanwarsa.

"Antsje, ke kika yi aikin gidan waya. Raba mu."

Antsje ta iya faɗa, ta iya tuƙa keke cikin guguwa, amma ba ta iya ƙarya ba. Ta daɗe tana goge hannu da tsumma. "Abin da bai ɗauki wasiƙa daga wannan gida ya kai wancan ba," ta ce kamar ana zare mata haƙori, "bai yi tafiya ba."

Siebren ya dubi ambulan, ya juya ta, ya sake dubawa. Ya ninke ta gida huɗu ya mayar aljihu. Fuskarsa ba ɓacin rai, sai ma wani abu mai kama da alfahari.

"Ta kayar da ni," ya ce. "Antsje, ina gajeren wandona na wanka?"

Sai a lokacin Froukje ta tuna abin da aka aiko ta yi.

Washegari ta sauko ta tarar da wandon rataye a igiya saman murhu, shuɗi ne da ya koma ruwan toka, asu ya ci gefe ɗaya. Mahaifinta na tsakar gida yana lanƙwasa gwiwa yana miƙewa, wai motsa jiki. Antsje ta ajiye mata burodi da cuku a gabanta da ƙarfin da ya sa wuƙa ta yi tsalle.

"Minti biyu, in ji ki. Ai kuwa kin cika alkawari."

"Gwaggo, zan ce na yafe masa."

"Ki gwada. Sai ya shiga sau biyu."

"To me zan yi?"

"Ke ce mai ilimi. Ki nemo inda kika yi kuskure. Duba ƙasan kabad ɗin rediyo."

A ƙasan kabad ɗin akwai kwalin takalmi, cikinsa kaset goma sha takwas, kowanne da kwanan wata da rubutun mahaifinta mai tsayi kamar sandunan shinge. Duk wata hira da ta taɓa yi a rediyo tana nan. Har da wadda aka yi shekara tara da suka wuce, inda jimla biyu kawai ta faɗa kafin a yanke don labarin ƙwallo. Ta ɗan jima a durƙushe tana juya su a hannu. Sannan ta sa na ƙarshe a na'ura, ta yi ta turawa gaba tana dawowa baya, har ta ji abin da take nema. Ta leƙa taga.

"Baba! Shigo ka ji."

Ya shigo yana haki kaɗan, yana ƙoƙarin ɓoyewa. Ta danna. Muryar mai gabatarwa ta ce, "Wato babu komai da ke wuce haske?" Muryarta ta amsa, cike da yarda da kai, "Babu komai. Ta kowace fuska ka duba, babu komai."

Ta kashe. "Ka ji? Ban ce abu mai nauyi ba. Ban ce saƙo ba. Cewa na yi babu komai. Ɗigonka kuwa ana ganinsa, ana auna gudunsa, kuma ya wuce haske. Ni na faɗi."

"Ɗigo ba abu ba ne."

"Abu ne mana. Yana da suna."

"Gobe ma tana da suna, kin taɓa auna ta? Kawo fanke in nuna miki." Ya ɗauki biyu daga faranti. "Ni ne fitila. Wannan ya je taga, wannan ya je ƙofa..."

"Baba, ni na koya maka wannan jiya!"

"Kuma na koya. Ko kina nufin ba ki iya koyarwa ba?"

"Ina nufin malamin da ya shiga rediyo dole ya auna kalamansa. Ban auna ba."

"Duk mai hankali ya gane me kike nufi."

"Kai ba ka gane ba."

"Na gane sarai! Mako uku na yi ina neman ramin da zan jefa ki."

Haka suka yi ta yi, shi yana kare jami'a, ita tana kare hasumiya, har muryoyinsu suka kai titi. Tjitske ta buɗe tagarta ta saurara, ta rufe, ta gaya wa mai kawo madara cewa mutanen gidan Wielinga sun haukace, kowa na faɗa don a ce shi ya faɗi.

Can Siebren ya ajiye fanken. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙofar kicin.

"Antsje ta gaya miki."

"Ta gaya mini. Abin da ya kamata kai ka gaya mini tun Oktoba."

"Kina da ɗalibai. Me za ki zo ki yi, ki tsaya kina kallon batir a ƙirjina?"

"Eh. Shi zan zo in yi."

Siebren ya ce, "Na dai yi alkawari a gaban mutum goma sha huɗu. Zan shiga." Ya miƙa hannu saman murhu. Igiya ce kawai a wurin.

Antsje ta fito daga kicin riƙe da wani abu shuɗi-shuɗi da ya yi baƙi da mai, tana goge gindin tukunya da shi.

"Wandona ne wannan?"

"Da can. Ku zauna ku ji, tunda ni kuka naɗa alƙali. Ke, kin faɗi abin da ya fi bakinki a rediyo, kin faɗi. Kai kuma ka ɗauki abin da ba ya kai wasiƙa ka kira shi ɗan aike, ka faɗi. Ita za ta shiga ruwa. Kai za ka tsaya a bakin gaɓa da kwat biyu da tawul a hannu, duk wanda ya tambaye ka dalili ka gaya masa gaskiya, har da batir. Wanda bai yarda ba ya nemi inda zai ci abinci yau."

Siebren ya yi gunaguni cewa nasa hukuncin ya fi tsanani. Ba wanda ya musa masa.

Wajen ƙarfe huɗu, da rana ta fara faɗuwa, uba da 'ya suka fita taka ƙafa a kan ganuwar da ke tare teku. Yara na ta fasa 'yan ƙananan abubuwan tartsatsi a bayan coci tun kafin sabuwar shekara ta shigo. Suna tafe a hankali, ita tana yi kamar takalminta ne ke damunta don kada ya ga tana jiransa, sai fitilar hasumiya ta kama. Hasken ya share rufin gidaje, ya wuce kan teku, ya dawo.

"Ba sa goge gilashin yadda ya kamata," in ji Siebren. Suka ƙara 'yan taku. "Froukje, hasken da bai sauka a kan komai ba fa? Wanda ya wuce saman ruwa ya fita?"

"Yana nan yana tafiya. Ya raunana ƙwarai, amma yana tafiya."

"Har wanda na kunna shekara arba'in da huɗu da suka wuce?"

"Har shi. Ya wuce taurari da yawa yanzu."

"A shekarar uwarki na da cikinki. Ba ta son zama ita kaɗai a gida, sai ta hau matakala ɗari da tamanin da wannan cikin, ta kawo mini kofi, ta zauna gefen fitila tana saƙa. Na yi faɗa har na gaji." Ya gyara hularsa. "Wani ya ce a rediyo, ba ke ba, wai da mutum zai wuce haske, sai ya riga shi gaba, ya juyo ya ga abin da ya wuce."

"A takarda haka ne. Amma ko da ka je, Baba, ɗan ɗigo kawai za ka gani, shi ma sai da madubin hange da ya fi ƙasar nan girma."

"Ɗigon ya ishe ni. Ni na san wa ke zaune a gefensa."

Ta so ta ba shi wata amsa ban da wadda ta sani, ba ta samu ba. "Ba ya kamuwa," ta ce. "Duk gudun da ka bi shi da shi, da gudunsa ɗaya zai ci gaba da tsere maka. Ko kusa ba za ka ji ka rage ba."

"Taurin kai ke nan."

"Shi ne."

"To wannan a wurin uwarki ya koya." Ya kama hannunta ya saƙala a nasa, ya ce iska ta yi yawa, kada ta kwashe ta.

Ranar ɗaya ga wata kusan rabin tsibirin ya fito bakin teku. Sama ta yi ruwan toka, teku ma haka, iska na tsinkar fata. Mutum sittin da wani abu suka jeru a kayan wanka suna tsalle-tsalle don kada jini ya daskare, Froukje na tsakiyarsu cikin kayan wankan Tjitske da suka yi mata yawa, da hular ulu har gira. Ta roƙi a bar ta da safa, Douwe ya ce ba a yi wannan yarjejeniyar ba.

Siebren na tsaye inda ruwa ke ƙarewa, cikin kwat biyu da dogayen takalman roba, ya yi kama da buhun dankali da aka ɗora wa hula. Duk wanda ya zo ya ce, "Siebren, ba kai ne ka faɗi ba?" sai ya amsa a taƙaice, "Batir," ya nuna ƙirji. Kafin a busa usur labarin ya kai ƙarshen layi, tsofaffi uku sun zo sun buɗe kwat sun nuna masa nasu.

Aka busa. Froukje ta ruga tare da jama'a don ba ta da zaɓi, na baya na turo ta. Ruwan ya kama idon sawunta kamar an sa wuƙa. Da ya kai gwiwa ta daina jin ƙafafunta, da ya kai ciki ta saki wata kalma da Antsje ta ji daga kan tudu ta ce ba a gidansu ta koya ba. Ta juyo za ta fita.

"Har wuya!" mahaifinta ya ƙwala. "Ina kallo!"

Ta rufe ido ta durƙusa. Igiyar ruwa ta zo ta ƙarasa mata aikin har saman hula. Yadda ta fito kuwa, ba ta iya tunawa. Ta dai tsinci kanta a cikin tawul, mahaifinta na goge mata baya da ƙarfi kamar yana goge tagulla, haƙoranta na kaɗawa.

"Kai!" in ji Douwe yana dariya har da hawaye. "Kun ga fitowar nan? Wallahi ta wuce haske!"

"Ba ta wuce ba," in ji Siebren. "Tana da nauyi. Mai nauyi ba ya ko kaiwa, balle ya wuce. Ka riƙa sauraron rediyo."

Antsje ta iso da flas da kofuna, ta zuba miyar wake mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki, da 'yan yankan tsiran alade. Froukje ta rungumi kofin da hannu biyu, miyar na zuba a yatsunta saboda rawar jiki, ba ta damu ba. Mahaifinta ya cire kwat ɗinsa na sama ya lulluɓa mata, Antsje ta ƙwace ta mayar masa, ta cire nata ta ba ta.

Suka kama hanyar gida ta cikin tudun yashi, Siebren a tsakiya. Sun yi rabin hanya ya yi gyaran murya.

"Froukje, a ce a samu almakashi. Babba. Kowane baki nasa ya kai daga nan zuwa rana. In na rufe shi da sauri, wurin nan da bakunan biyu ke haɗuwa, ai gudunsa zai wuce..."

"Baba, don Allah bari in fara jin yatsun ƙafata."

"Ba gaggawa. Jirginki sai jibi."

Antsje ta ce duk wanda ya taɓa mata almakashin ɗinki zai gamu da ita, ta wuce gaba don ta riga su ta ƙara itace a murhu.